Tarihin Binciken Ilektiron Masu Zafi a Semikondakta

Idan walƙiyar leza ta faɗa kan semikondakta irin silikon ko galiyom asenayid, takan fizgo ilektiron daga mazauninsu, su shiga yawo ɗauke da lantarki, kowanne ya bar gurbi a bayansa. Abin da ke biyo baya yana faruwa ne cikin fikosakan, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa, ko femtosakan, wanda ya fi shi ƙanƙanta sau dubu. Na'urorin awon lantarki ba sa iya bin wannan gudun, shi ya sa fannin bai ci gaba ba sai da aka iya gajarta walƙiyar leza.

Theodore Maiman ne ya ƙera leza ta farko a Amurka a 1960. A 1969, Jagdeep Shah da Rogério Leite na Bell Labs suka duba hasken da galiyom asenayid ke fitarwa, suka gano cewa ilektiron ɗin sun fi jikin kiristal ɗin zafi nesa ba kusa ba. Sai dai wannan awo bai nuna saurin hucewarsu kai tsaye ba.

Dabarar da ta warware matsalar mai sauƙi ce. Ana raba walƙiya gida biyu: ta farko ta tayar da ilektiron, ta biyu a tsawaita mata hanya da madubi ta iso a makare ta leƙa halin da suke ciki. Ƙarin milimita 0.3 a hanyar yana ba da jinkirin fikosakan guda. A Bell Labs, Charles Shank da Erich Ippen suka gajarta walƙiyar zuwa ƙasa da fikosakan a 1974, David Auston ya ƙera makunnin silikon mai aiki da haske a 1975, sannan rukunin Shank ya kai femtosakan 6 a 1987. Da haka aka fahimci jerin matakan: ilektiron na fara karo da juna har zafinsu ya daidaita, sai su zubar da shi ga girgizar kiristal cikin 'yan fikosakai, daga baya su koma guraben da suka bari.

Lezar wancan zamani da rini mai ruwa take aiki, tana da wuyar sha'ani ƙwarai. A 1991 rukunin Wilson Sibbett a Jami'ar St Andrews ta Sikotilan ya fito da lezar titaniyom da safaya mai femtosakan 60, aikin ya bazu zuwa ɗakunan gwaji na ko'ina. A 2014 masu bincike a Berkeley suka auna tsallaken ilektiron a silikon, suka ga bai kai attosakan 450 ba, wato ƙasa da rabin femtosakan.

Masu harkar sola ma na da ruwa a ciki, domin zafin da ilektiron ke zubarwa asara ce. Robert Ross da Arthur Nozik sun lissafa a 1982 cewa in an kwashe ilektiron kafin su huce, za a iya juya kusan kashi 66 cikin 100 na hasken rana zuwa lantarki. Har yau irin wannan faifan sola bai shiga kasuwa ba.