Ranar Da Kanawa Suka Kayar Da Ɗansu A Gida

Ga shirinmu na wannan makon a rubuce, saboda waɗanda data ta hana su saurare.

Duk lokacin da aka gama zaɓen shugaban ƙasa akwai karatun da muka riga muka haddace. Wanda ya ci ya fito a talabijin ya ce shi na kowa ne, a manta da baya, a haɗa kai. Wanda ya faɗi ya nufi kotu. Mu kuma a bar mu a Facebook muna zagin iyayen juna. Bayan zaɓen 2023 na sha karanta wata magana daga 'yan'uwanmu na Kudu, wai ɗan Arewa ba ya zaɓar kowa sai nasa, hujjarsu ita ce Kano ta ba Kwankwaso ƙuri'a kusan miliyan ɗaya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wasu samarinmu ma sun yarda haka muke, har suna alfahari da abin. To yau ina so mu koma 1993.

Ni a Ƙofar Nassarawa na tashi. Wanda ya san wurin ya san in ka shiga ciki titin zai kai ka gidan Sarki, in ka fito waje kuma ga Gidan Murtala, ga hanyar gidan gwamnati. Duk hayaniyar siyasar garin nan sai ta bi ta ƙofarmu. Ba a haife ni ba a 1993, amma mahaifina ya yi zaɓen, kuma daga bakinsa na fara jin labarin kafin in karanta shi a jami'a.

A lokacin jam'iyyu biyu ne kacal, kuma gwamnatin soja ta Janar Babangida ce ta ƙirƙire su: SDP mai alamar doki, da NRC mai alamar mikiya. NRC ta tsayar da Alhaji Bashir Usman Tofa, Bakano, mazaunin Gandun Albasa, ba wani nisa da mu. SDP ta tsayar da Moshood Abiola, Bayarabe ɗan Abeokuta, da Babagana Kingibe a matsayin mataimaki. Ku ƙara da wannan: gwamnan Kano na lokacin, Kabiru Gaya, ɗan NRC ne. Wato ɗan gida, ga gwamna a hannu. Ko yau aka ba ka wannan lissafin ai ka san inda za ka sa kuɗinka.

Ranar Asabar 12 ga Yuni aka kaɗa ƙuri'a. Da aka ƙirga ta Kano, Abiola ne a gaba, da kusan kashi 52 cikin 100. Ya ci Jigawa, ya ci Kaduna, ya ci Borno da Yobe. Ga kuma ɓangaren da ba a cika faɗa ba: Tofa, wanda ya faɗi a gida, shi ya ci Ribas da Imo da Inugu. Bakano ya samu ƙuri'ar Inyamurai, Bayarabe ya samu ta Kanawa, a rana ɗaya.

Kada in mayar da iyayenmu mala'iku. Akwai dalilai na siyasa tsantsa. Kano gari ne na Malam Aminu, talakan da ya taso a NEPU da PRP yana kallon NRC a matsayin jikar NPN, kuma Abubakar Rimi yana SDP da jama'arsa. Abiola ma ya daɗe yana hidima da dukiyarsa a Arewa, an san sunansa tun kafin takara. Amma ai wannan ita ce maganar. Mutane sun duba aƙida da abin da suke ganin zai amfane su, ba su tsaya tambayar garin su ɗan takara ba. Na taɓa tambayar Baba ko bai ji nauyin ƙin ɗan garinsu ba. Dariya ya yi, ya ce a cikin badalar nan akwai unguwar Ayagi, asalinta Yarabawa ne 'yan kasuwa, yau wa zai ce musu ba Kanawa ba ne?

Ranar 23 ga Yuni gwamnatin soja ta soke zaɓen. Daga nan komai ya juye. Zaɓen da Kano ta taimaka aka ci ya koma "rigimar Yarabawa" a bakin mutanenmu, a Legas kuma aka ce "Hausawa sun ƙwace mana mulki". Tsoron yaƙi ya sa dubban mutane suka kwashe iyalansu suka koma garuruwansu. Da Abacha, wani ɗan Kanon, ya karɓi mulki a Nuwamba, Kingibe da Rimi duk suka karɓi kujerar minista a gwamnatinsa. Ni dai a ganina wannan ya yi wa amana tsakanin Kudu da Arewa illar da ta kusa kai ta sokewar kanta. Aka kama Abiola a 1994, aka harbe matarsa Kudirat, haifaffiyar Zariya, a Legas a 1996, shi kuma ya rasu a tsare ranar 7 ga Yuli 1998.

Sai aka zo ɗinke ɓaraka. Manya suka shirya a 1999 'yan takara biyun duk su zama Yarabawa, Obasanjo da Olu Falae. A sama an sasanta. A ƙasa fa? Wata biyu bai cika da rantsar da Obasanjo ba rikici ya ɓarke a Shagamu tsakanin Yarabawa da Hausawa, aka yi ramuwar gayya a nan Kano kan mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Obasanjo ya kafa kwamitin Mai Shari'a Oputa don a faɗi gaskiya a yafi juna. Babangida da Buhari da Abdulsalami suka ƙi bayyana a gabansa, gwamnati kuma ba ta taɓa fitar da rahoton a hukumance ba.

Wanda na gani da idona shi ne 2011. Ina ƙaramar sakandare. Bayan zaɓen 16 ga Afrilu, da sakamako ya nuna Jonathan ya kayar da Buhari, na tsaya a bakin ƙofarmu ina kallon hayaƙi ta ko'ina, samari na wucewa da gorori, wasu sa'o'ina ne. Aka sa dokar hana fita. An kai wa gidajen wasu manyan 'yan siyasa hari a garin nan, har da gidan shi Bashir Tofa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 aka kashe cikin kwana uku a jihohin Arewa 12, ciki har da masu yi wa ƙasa hidima a Bauchi, yara da aka turo aikin zaɓe. Wannan namu ne, ba soja ya yi mana ba, kuma wallahi har yau ba mu zauna mun yi maganarsa yadda ya kamata ba. Akwai wani bakanike Bayarabe da ke gyara wa Baba babur, bayan wannan makon ba mu sake ganinsa ba. An ce ya koma gida.

Shekara huɗu bayan nan, waya ɗaya da Jonathan ya buga wa Buhari ranar 31 ga Maris 2015, tun kafin a gama sanar da sakamako, ta sa garin da aka yi zaton zai kama da wuta ya kwana yana murna. Ba jawabin haɗin kai ya yi ba. Abin da akwati ya faɗa ya amsa.

Shi ya sa in na ji ana kiran a haɗa kai bayan zaɓe, tambayata ta farko ita ce: wanda ya faɗi ya yarda an ƙirga ƙuri'arsa? Ta biyu: waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa a baya, wa ya je ya ba su haƙuri? Na Abiola sai 2018 Buhari ya nemi afuwar iyalinsa, ya ba shi lambar GCFR, ya mayar da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya. Shekara 25 ke nan. Tofa ya rasu a Janairun 2022. Sai a Fabrairun 2025, wajen ƙaddamar da littafin tarihin rayuwarsa a Abuja, Babangida ya amsa a bainar jama'a cewa Abiola ne ya ci.

Ranar na kai wa Baba labarin a waya, yana zaune a ƙofar gida bayan Magariba. Ya karɓa, ya nisantar da ita daga idonsa ya karanta, ya miƙo min. Ya ce, "Mu da muka yi layi a rana, yanzu ne za a gaya mana?" Ya tambaye ni ko an ce wani abu a kan waɗanda suka mutu. Na ce masa ya dai ce ya yi nadama, ya ɗauki alhakin abin. Ya ɗauki butarsa ya tashi.