Tsohon kwale-kwale mai inji: Yaushe ake sauya masa inji, yaushe ake haƙura da shi?

A yankin arewacin Jihar Kano, inda gonaki ke manne da juna kuma ƙauyuka ke kusa da kusa, akwai madatsun ruwa da suka raba wasu garuruwa da kasuwanninsu da makarantunsu. Fitacciya a cikinsu ita ce Madatsar Watari da ke Ƙaramar Hukumar Ɓagwai, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1970 domin noman rani. Mutanen ƙauyukan da ke hayin ruwan, irin su Badau, sun daɗe suna dogara da jirgin fito don isa garin Ɓagwai, saboda hanyar mota zagaye ce mai nisa.

Irin wannan jirgi jari ne, kuma sau da yawa idan injinsa ya buga, ɗan uwa da ke kasuwa ko aikin gwamnati a birni ake tuntuɓa ya kawo ɗauki. Tambayar da ke gabansa ita ce: a gyara injin, a sayi wani, ko a sayar da komai a huta? Ƙa'idar da masu sana'ar jiragen ruwa ke bi ita ce, gangar jikin jirgin ake fara dubawa kafin a yi maganar inji.

Abin da ke cikin lamarin

A ranar 30 ga Nuwamban 2021, wani kwale-kwale da ya taso daga Badau ya kife a Madatsar Watari ɗauke da fasinjoji, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da za su taron Mauludi. Akalla mutum 29 aka tabbatar da rasuwarsu a kwanakin farko, kuma hukumomi sun danganta hatsarin da lodin da ya wuce kima. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta dakatar da fito a ruwan bayan faruwar lamarin. A shekarar 2008 ma an yi makamancin wannan rashi a ruwan, lokacin da jirgi ya nutse da 'yan rakiyar amarya.

A watan Mayun 2021 kuma, wani jirgin katako ya dare a Kogin Neja kusa da Warra a Jihar Kebbi, inda fiye da mutum 100 suka ɓace. Waɗannan abubuwa sun nuna cewa shawarar da mai jirgi zai yanke ta wuce lissafin riba da faɗuwa, domin rayukan jama'a ne a ciki.

Duba gangar jiki

Ana fito da jirgin tudu, a wanke shi, a bar shi ya sha iska. Jirgin katako mai kyau, musamman na maɗaci, yana iya yin shekaru da dama idan ana toshe tsaginsa ana shafa masa kwalta. Wurare uku ne ke nuna ko ya gaji: allon baya inda ake ɗaura inji, haƙarƙarin da ke riƙe da alluna daga ciki, da kuma layin ƙusoshi na ƙasa.

Idan tsinin wuƙa ya shige katako ba tare da an danna da ƙarfi ba, itacen ya ruɓe. Idan ƙusoshi sun yi tsatsa sun saki, ko kuma jirgin na shan ruwan da sai an ajiye yaro yana kwalfewa a duk tafiya, to faci ba zai wadatar ba. Allo ɗaya ko biyu kafinta na iya sauya su. Amma idan ruɓewar ta kai haƙarƙari da yawa, kuɗin gyara kan doshi na sassaƙa sabo.

Allon baya ya fi kowane wuri muhimmanci, domin shi ke ɗaukar nauyin inji da girgizarsa da tunkuɗarsa. Sabon inji mai ƙarfi a kan ruɓaɓɓen allo yana iya ɓalle shi a tsakiyar ruwa.

Gano ciwon injin

Yawancin injinan da ake ɗaurawa a bayan kwale-kwale a Najeriya masu haɗin fetur da baƙin mai ne, irin su Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40. Ba kowace tsayawa ce mutuwar inji ba. Dattin kafireta, mataccen fulogi, ruwa a cikin fetur, ko kacalla da ragar masunta da suka naɗe farfela, duk ƙananan matsaloli ne da bakanike ke warwarewa a yini guda.

Babban ciwo iri uku ne. Na farko, inji ya ɗauki zafi har fistin ya kame, wanda galibi ke faruwa idan ƙaramar robar da ke tura ruwan sanyaya inji ta cinye, ko kuma an rage baƙin mai a haɗi. Alamar gargaɗi ita ce ruwan da ke tsirtowa daga bayan inji ya ragu ko ya ɗauke. Na biyu, ruwa ya shiga akwatin giya na ƙasa, sai man giya ya yi fari kamar madara. Na uku, injin ya faɗa ruwa kuma aka bar shi kwanaki ba a buɗe an tsane shi ba, har tsatsa ta kama karanshaf.

Bakanike mai kayan aiki zai auna matsin kowace silinda. Idan bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100, to ringi ko fistin ko bangon silinda ya samu matsala. Matuƙar kaskon injin bai tsage ba kuma karanshaf lafiya yake, garambawul na iya mayar da shi bakin aiki.

Hanyoyi huɗu da ke gaban mai jirgi

Garambawul shi ne mafi sauƙin kuɗi, amma ingancinsa ya rataya ne a kan samun kayan gyara na asali, domin jabu sun yi yawa a kasuwa. Idan kuɗin gyaran ya haura rabin kuɗin wani inji mai lafiya irinsa, sauyawa ta fi.

Sayen na hannu, wanda ake kira ɗan Kwatano ko ɗan Baljiyam, yana buƙatar a gwada shi cikin ruwa da lodi kafin a biya. Injin da ya yi aiki a ruwan gishiri na iya yin kyau a ido alhali hanyoyin ruwansa na ciki sun zagwanye.

Sabon inji ya fi tsada, musamman tun da darajar Naira ta faɗi bayan sauya tsarin canji a watan Yunin 2023. Sai dai yana da fa'ida guda da ake yawan mantawa: injin baya kadara ce da ake kwancewa a mayar kan wani jirgin. Injin da ba a haɗa masa fetur da baƙin mai ya fi tattalin mai, abin da ya ƙara muhimmanci tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, amma ya fi nauyi, kuma ba kowane bakaniken karkara ne ya san shi ba. Ko wanne aka zaɓa, tsawon ƙafar injin dole ya dace da tsayin allon baya, kuma ƙarfinsa kada ya fi ƙarfin jirgin.

Hanya ta huɗu ita ce haƙura. Mataccen inji ba ya zama asara gaba ɗaya. Farfela da kafireta da akwatin giya da murfi suna da masu saye, kuma sayar da su ɗai-ɗai ya fi kawo kuɗi a kan miƙa injin dungurungum ga 'yan gwangwan, waɗanda kilo suke aunawa. Kaskon injin alminiyam ne, irin wanda maƙera ke narkawa su zuba tukwane. A Kano, Kasuwar Ƙofar Ruwa na cikin wuraren da ake cinikin tsofaffin ƙarafa da kayan gyara. Allunan da ba su ruɓe ba kuwa suna komawa benci ko ƙyaure.

Lissafin da ya kamata a yi

Kafin a kashe ko sisi, ana ƙirga abin da jirgin ke shigowa da shi a mako da adadin fasinjan da ya halatta ya ɗauka, a cire kuɗin fetur da baƙin mai da ladan matuƙi da ajiyar gyara. Abin da ya rage shi ne zai nuna watanni nawa injin zai ɗauka kafin ya mayar da kuɗinsa. A tuna cewa ciniki ba ɗaya ba ne a ranar kasuwa da sauran ranaku, haka ma kaka da bazara.

Idan lissafin bai fita ba sai an ƙara fasinja fiye da kima, to bai fita ba ke nan. Bashin inji na cikin abubuwan da ke ingiza matuƙi ya yi lodin ganganci.

Matsayin hukuma

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida ta Ƙasa, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, ita ce ke da alhakin rajista da duba jiragen fito. Dokokinta sun hana lodin wuce kima da tafiyar dare, sun kuma wajabta sanya rigar kariya. Ministan Harkokin Ruwa da Tattalin Arzikin Teku, Adegboyega Oyetola, ya sha yin kira ga jihohi da su daina amfani da jiragen katako wajen jigilar fasinja, su koma na faiba ko alminiyam. Mai shirin zuba kuɗi a tsohon jirgin katako ya kamata ya sanya wannan a lissafinsa.

A taƙaice, jiki mai lafiya da mataccen inji ya cancanci gyara ko sauyi. Inji mai lafiya da ruɓaɓɓen jiki yana buƙatar sabon jirgi. Idan kuwa duka biyun sun gaji, sayar da su a matsayin kayan gyara shi ne mafi alheri ga mai jirgin da kuma waɗanda za su hau shi.