Tabarruki

Daga Larabci muka aro ta, tabarruk, saiwarta ɗaya da albarka da barka. Balarabe kan ce baraka idan raƙumi ya durƙusa ya zauna daram, shi ya sa masana lugga suke fassara albarka da alheri mai tabbata. Tabarruki kuwa neman wannan alheri ne ta wurin bawan Allah ko abin da ya taɓa. Mutumin Mafara ko Bakura da ya nufi Hubbaren Shehu a Sakkwato, inda aka binne Mujaddadi a 1817, tabarruki ya kai shi, ko da yake malamai sun saɓa kan halaccinsa. Kalmar ta dace da Katolika ma, masu adana ƙasusuwan waliyyansu cikin akwatunan zinariya da azurfa, kamar wanda ke babban cocin Kolon a Jamus.