Labarin Ibnu Nadim, Mai Fihirisi

A birnin Bagadaza aka yi wani malami, Ibnu Nadim, wanda ya gaji sayar da littattafai wajen ubansa. Cikin shekara ta 987 ya tsara littafinsa, Fihirisi, ya kasa ilmi kashi 10, kamar su nahawu, da tarihi, da waƙa, da fikihu, da falsafa. Kowane mawallafi ya kawo sunansa, da labarinsa, da abin da ya wallafa. Bayansa gobara da yaƙi suka cinye littattafai tuli, balle da Hulaku ya ci Bagadaza cikin 1258. Yau da yawansu ba a san an taɓa yin su ba sai ta Fihirisin nan. To, ma'aikata, kada a raina mai riƙon rajista.