Yuri Tiniyanof: Manazarcin da Ya Koma Mai Ƙaga Labari

An saba bambanta aikin manazarcin adabi da na mai ƙaga labari. Manazarci ba ya faɗin abin da ba shi da hujja a kansa, mai ƙaga labari kuwa ba a tambayarsa shaida. Amma a ƙasar Rasha an sami wani masani, Yuri Tiniyanof (1894-1943), wanda ya haɗa ayyukan nan biyu. Tarihinsa ya nuna amfanin wannan haɗi, ya kuma nuna haɗarin da ke tattare da shi.

Tiniyanof ya yi karatu a Jami'ar Petrograd, inda ya zurfafa cikin nazarin mawaƙi Pushkin da zamaninsa. Daga nan ya shiga ƙungiyar OPOYAZ, wadda aka kafa a 1916, tare da Shklofski da Aikenbaum. Ra'ayin ƙungiyar shi ne a nazarci adabi ta fuskar siga da salo, a daina fakewa da tarihin rayuwar marubuci. Abin mamaki, daga cikinta ne aka sami wanda ya shahara da ƙagaggun labarai kan rayuwar marubuta.

Littafinsa na farko na ƙagaggen labari, Kyukliya, ya fito a 1925, shekara 100 bayan tawayen watan Disamba na 1825 da wasu hafsoshi suka yi wa Sarki Nikolas na Ɗaya. Tauraron labarin shi ne Kyukelbeka, abokin karatun Pushkin, mawaƙin da aka riƙa yi wa ba'a, wanda ya shiga tawayen, ya yi shekara 10 a kurkuku, ya rasu a Siberiya a 1846. Kafin littafin, kusan an manta da shi. Labarin ya dawo da sunansa bakin jama'a, sa'an nan a 1939 Tiniyanof ya tace waƙoƙinsa ya buga su cikin juzu'i biyu. A nan ƙage ya yi wa ilimi hidima.

Littafi na biyu, Mutuwar Waziri Muhtar (1927-1928), ya shafi Griboyedof, marubucin wasan kwaikwayo kuma jakadan Rasha a Farisa, wanda aka kashe a Tehran a 1829 lokacin da jama'ar gari suka auka wa ofishin jakadancin. Waziri Muhtar laƙabi ne da Farisawa ke ba babban jakada. A nan ne hanyar Tiniyanof ta fito sosai. A ganinsa takardun hukuma su ma suna ƙarya kamar mutane, don haka aikin marubuci yana farawa ne inda takarda ta tsaya. Da haka ya zana Griboyedof a matsayin mutumin da aka rataye ko aka kori abokansa, shi kuwa ya tsira yana yi wa mulkin aiki cikin ɗacin rai.

Akwai kuma dalili na siyasa. Masu ra'ayin Markisanci sun matsa wa 'yan OPOYAZ lamba, har a 1930 Shklofski ya rubuta maƙala yana amsa kuskure. Da ƙofar nazari ta ƙuntata, sai ƙagaggen labari ya zama wurin da masani zai iya ci gaba da tunaninsa.

Haɗarin kuwa ya bayyana a aikinsa na ƙarshe. A 1939 ya buga maƙala yana cewa matar da Pushkin ya ɓoye sunanta cikin waƙoƙinsa na soyayya ita ce Yekaterina, matar masanin tarihi Karamzin, wadda ta girme shi da shekara 19. Babu takardar da ta tabbatar da haka, kuma manazarta da yawa ba su yarda ba. Duk da haka ya shigar da wannan zato cikin kashi na uku na labarinsa mai suna Pushkin, inda daɗin bayani ya ba shi ƙarfin da hujja ba ta ba shi ba. Mai karatu ba shi da hanyar gane inda takarda ta ƙare da inda zato ya soma. Marubuci Beresayef ya bi wata hanya daban a littafinsa Pushkin Cikin Rayuwa (1926-1927), ya jera kalaman shaidun zamanin kawai, ya bar wa mai karatu hukunci, sai dai shaidun ma sukan saɓa wa juna.

Tiniyanof ya rasu a Mosko a Disamban 1943 bayan doguwar jinya, bai kammala Pushkin ba, labarin ya tsaya a ƙuruciyar mawaƙin. A taƙaice, ƙage yana iya rayar da wanda tarihi ya manta, kamar yadda ya rayar da Kyukelbeka. Amma batun matar Karamzin ya nuna cewa idan zato ya fito daga alƙalamin masani, jama'a sukan ɗauke shi da nauyin ilimi, kuma warware shi yakan zama aikin manazartan da ke tafe.