Roger Fry da Masassaƙan da Ba A Faɗi Sunansu Ba

A cikin shekarar 1920 aka buga wani littafi a Landan mai suna Vision and Design, wato kamar a ce gani da tsari. Mai shi, Roger Fry, ya tattara maƙalolin da ya yi ta rubutawa cikin jaridu wajen shekara ashirin ne a kan zane da sassaƙa, ya haɗa su wuri guda. Muna so ku 'yan makaranta ku san labarinsa, don akwai abin koyi ciki, akwai kuma abin da ya kamata a yi masa gardama.

An haifi Fry a Landan cikin 1866, ubansa babban alƙali ne. Ilmin kimiyya ya karanta a Kambirij, amma zuciyarsa ba ta can, sai ya koma koyon zane a Faransa da Italiya. Zanen nasa na hannu bai kai ya kawo ba, in za a faɗi gaskiya. Baiwar da Allah ya yi masa a ido take da alƙalami.

Cikin Nuwamba 1910 ya tara zane-zanen Cézanne da Gauguin da Van Gogh da waɗansunsu, ya baje su a wani zaure da ake kira Grafton, don mutanen Ingila su gani. Kai, ran nan gari ya ɗauka! Waɗansu suka yi ta dariya, waɗansu suka ce zamba ce, har da masu cewa mutumin ya taɓu. Dalili kuwa, su abin da suka saba shi ne a dubi zane a tambaya: wane labari yake bayarwa, ya kuma yi kama da abin da aka kwatanta? Fry ya ce a bar wannan tukuna, a dubi yadda mai zane ya jera layuka da launuka, da yadda ya daidaita nauyin wannan gefe da na wancan. Kusan dukan littafinsa a kan wannan magana ya tsaya.

Cikin 1913 ya buɗe wani gida da ya sa wa suna Omega, ɗakin aiki a ciki, wurin nuni da sayarwa a ciki. Samarin masu zane suna ƙawata kujeru da tukwane da yadudduka, ana biyansu sule talatin a mako. Dokar gidan ita ce kada kowa ya sa sunansa a jikin aikinsa, sai dai tambarin gida, don mai saye ya zaɓa saboda kyau, ba saboda suna ba. Ku riƙe wannan doka, za mu komo kanta. Yaƙi da ƙarancin ciniki suka ci gidan, aka rufe shi cikin 1919.

To, da yake ba labari yake nema cikin zane ba, idonsa ya buɗe ga ayyukan da Turawan zamaninsa suke rainawa. A littafin akwai maƙala a kan kayan ƙasashen Musulmi da aka nuna a Munich ta Jamus cikin 1910, akwai kuma wata a kan sassaƙen baƙar fata da ya gani a Landan cikin 1920. A nan ya faɗi maganar da ba kowane Bature zai iya faɗa ba a lokacin. Ya ce waɗansu daga cikin sassaƙen nan sun fi duk abin da Ingila ta taɓa sassaƙawa, don masassaƙin Turai yakan fara tunani daga gaba kamar mai zane a bango, shi kuwa na Afirka yana ganin itacen ta kowane gefe a lokaci guda.

Amma fa bai rufe maƙalar ba sai da ya karɓe da hagu abin da ya bayar da dama. Ya ce mutanen nan suna da gwanaye, sai dai ba su da masu auna aiki su kwatanta wannan da wancan, shi ya sa, wai, ba su kafa babbar wayewa ba. A nan muka rabu da shi. Bai taɓa zama gindin masassaƙi ya ji abin da 'yan kallo suke cewa ba, ina ya samo wannan hukunci? Cikin 1973 wani malamin Amurka, Robert Farris Thompson, ya buga abin da ya jiyo daga bakin Yarabawa da kansu: suna da kalmomi na auna sassaƙa, suna duban daidaito, da santsin jiki, da ko kamannin ya tsaya tsaka-tsaki.

Sa'an nan batun suna. A gidan Omega da gangan aka ɓoye sunaye, da yardar masu su. Masassaƙan Afirka kuwa ba wanda ya shawarce su, waɗanda suka kwaso kayan ne ba su tambaya ba. A shekarar da littafin ya fito akwai wani gwani a ƙasar Ekiti, Olowe na garin Ise, wanda sarakuna suke aika masa ya zo ya sassaƙa musu ginshiƙai da ƙofofi, har kirari gare shi. Cikin 1924 aka kai ƙofar da ya yi wa fadar Ogoga, sarkin Ikere, wurin babban nunin Wembley, nan kusa da Landan. Gidan ajiye kayan tarihi na Biritaniya ya nemi ya saya, sarki ya ƙi sayarwa, sai aka yi musanye, aka ba shi karagar mulki ƙirar Ingila. Ƙofar ta daɗe a can kafin a haɗa ta da sunan wanda ya sassaƙa ta. Fry ya rasu cikin 1934, Olowe kuwa cikin 1938.