Ko Imam Ma Sai da Aka Zauna da Shi

Littattafan soyayya da na rubuta sun kai goma, amma ranar da aka ce in gabatar da muƙala a wani taron marubuta a Kano, sai alƙalami ya ƙi tafiya. Ashe labari daban, muƙala daban.

Na koma ƙauyenmu da ke gefen dam ɗin Watari a Bagwai, wurin wani tsohon malamin firamare. Kullum bayan La'asar, in ya taso daga lambunsa, sai ya bi takarduna da jan biro: "Ina hujjarka, ɗana? Wannan sakin layin me ya ƙara?" Da ya ga na fara jin kunya, sai ya tuna mini tarihi.

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sa gasar ƙaga labari, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A 1936 kuma aka ɗauko Abubakar Imam daga koyarwa a Katsina, ya yi wata shida a Zariya yana rubuta Magana Jari Ce, East na dubawa suna gyarawa. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Mu kuwa 'yan Adabin Kasuwar Kano, daga littafin rubutu sai maɗaba'a, babu mai jan biro a tsakani. Sau huɗu malam yana mayar mini da muƙalar nan. Ta biyar na karanta a taron.